Shirun Ɗakin Baba

Ni sana'ata hayaniya ce. Lasifikoki nake bayarwa haya, ni ne kuma mai haɗa su a wurin taro, har sunan ya bi ni. Duk unguwa Lasifika ake ce mini, 'ya'yana ma haka suke faɗa a bayan idona. A aikinmu ba abin da muke tsoro kamar shiru. Idan ana tsakiyar taro sauti ya ɗauke, ko na ƙiftawar ido ne, duk wanda ke wurin kai zai juyo ya kalla, kamar kai ka sace masa takalmi. Saboda haka ranar da ƙanwata Auta ta zo shagona ta ce in taimaka mata ta ɗauki shiru a rikoda, na ɗauka aiki ne ya yi mata yawa har ya fara taɓa mata kai.

Auta a gidan rediyo take aiki, ita ce mai tace murya. Idan an ɗauki magana, ita ke zama da ita a kwamfuta, ta cire tari da tuntuɓen harshe, ta jera komai ya tafi daidai. A gidan rediyon nan ne kuma babanmu ya yi shekara da shekaru yana karanta labaran da yake rubutawa, duk mako labari ɗaya, tun ina ɗan firamare har furfura ta fara leƙo mini. Muryar Baba ba wata babba ba ce. Ni da na san murya zan gaya maka gaskiya, ko ƙaramin taro ba za ta riƙe ba. Abin da yake da shi shi ne tsayawa. Zai ce, "Sai ta buɗe ƙofar," ya yi shiru, kai kuma ka tsinci kanka da cokali a tsakanin kwano da baki, kana jira. Mutane suna cewa muryarsa suke so, amma ni na daɗe da sanin jiran nan ne suke so, ba su dai san sunansa ba.

A ɗakin ƙarshe na gidanmu yake rubutu, kullum da hantsi, ƙofa a rufe, taga a buɗe rabi. Tebur ne da kujerar katako mai 'yar ƙara idan ya gyara zama, sai littattafai da suka cinye bango guda. A nan ya ce a ɗauki labarinsa na ƙarshe. Muryarsa ta daɗe tana dusashewa, likitoci suka ce akwai ƙari a maƙogwaro, dole a cire, kuma idan an cire muryar za ta bi shi. Baba bai yi gardama ba. Ya roƙi a ba shi 'yan kwanaki, ya rubuta labarin wani tsohon tela da ya ɗinka rigar da ba wanda ya sa shi, ya kira Auta da rikodarta, ya karanta sau ɗaya, washegari muka kai shi asibiti. Aiki ya yi kyau, Baba ya dawo gida da ransa da lafiyarsa, amma ba zai sake furta komai ba. Labarin telan nan shi ne maganarsa ta ƙarshe, gidan rediyo kuma sun sa ranar da za su saka shi a matsayin bankwana.

To, a kwanakin asibitin ne aka yi ɓarnar. Auta tana wurin jinya, sai ta bar katin rikodar a hannun Injiniya, wani dattijon abokin aikinta da ya tsufa a cikin wayoyin gidan rediyon. Mutumin kirki ne, yana son Baba kamar ɗan'uwansa, sai dai ciwonmu ɗaya da shi. A wurinsu akwai wata na'ura mai gadin shiru: idan sauti ya ɗauke ya ɗan jima, sai ta ɗauka wani abu ne ya lalace, ta saki kiɗa da kanta. Duk shekarun da Baba yake karatu kai tsaye, Injiniya da gumi yake ƙarewa, ido a kan na'urar, yana roƙon Allah Baba ya ci gaba. Yanzu kuma an kawo musu wata sabuwar dabara a kwamfuta, ka danna sau ɗaya ta kwashe duk wani gurbi da ba magana a cikinsa. Injiniya ya ga dama ta samu ya hutar da Auta, ya danna. Ya ajiye sabon a kan tsohon, ya goge katin ya ba 'yan sashen labarai da suke nema, ya tare ta da fara'a yana cewa ya share mata aikin tas.

Ta kunna mini a shago. Muryar Baba ce, ba shakka, amma kamar ta mai tallan magani a tasha, kalma tana taka kalma, ba numfashi, ba waiwaye. Tela ya auna, ya yanka, matarsa ta rasu, ya ajiye allura, duk a guje. Da farko dariya ce ta kuɓuce mini. Da na ga fuskar Auta sai dariyar ta maƙale, don na tuna ba wani kwafi a ko'ina, kuma ba a iya cewa Baba ya sake.

Na ce mata ai wannan ba abin kuka ba ne, tunda gurbi aka cire, a mayar da gurbi. Ba ta yi musu ba. Ta raba jimla biyu, ta bar fili a tsakaninsu, ta ɗora mini abin sauraro a kunne. Baba ya yi magana, sai komai ya ɗauke ɗif kamar waya ta katse, can kuma ya dawo. Har gabana sai da ya faɗi. Wannan ba tsayawar Baba ba ce, rami ne.

"Kowane ɗaki da irin shirunsa, Yaya," in ji ta. "Iska tana ciki, bango yana ciki, titi yana ciki daga nesa. Shirun da ke ƙarƙashin muryar Baba na ɗakinsa ne. In na sa wani, kowa zai ji an yi faci."

Ashe a aikinsu, duk inda aka gama ɗaukar magana sai kowa ya tsaya cak a ɗauki shirun wurin na ɗan lokaci, don da shi ake yin facin. Ta ɗauka a ranar, amma ya tafi tare da katin. Na ce to a bari kowa ya yi barci a ɗauka, ta ce shirun dare daban yake, akwai gyare, akwai karnuka, iskar ma wata ce. Da hantsi Baba ya karanta, shirun hantsi take so, a ɗakin nan, taga a buɗe rabi. Kuma ba ta gaya wa Baba abin da ya faru ba, ba ta da zuciyar faɗa.

A nan ne na gane girman aikin, domin tun da Baba ya dawo daga asibiti gidanmu ya koma kasuwa. Mamarmu dama mai magana ce, a wurinta na yi gado. Idan ta fara ba ka labarin yadda ta sayi albasa, sai ka san sunan kakar mai albasar kafin ta kai ga farashi. Amma da Baba ya rasa murya sai ta ninka, ta ɗauki nata kason ta haɗa da nasa. Ta tokare ƙofar ɗakin ƙarshe da kujera don kada ta rufu, ta sa aka kai talabijin aka ɗora a kan teburin rubutun, a kan takardunsa ma. Rediyo a taga, baƙi suna shiga suna fita, jikoki suna hawa suna sauka. Ita ke yi masa tambaya, ita ke ba kanta amsa. Ta ce mutumin da ba ya iya magana ba a barinsa cikin shiru, tunani ne zai cinye shi. Baba yana zaune yana murmushi, da ɗan farin allo a cinya da yake rubuta "na gode" ko "ruwa" ya goge. Ban ga ya taɓa alƙalaminsa na gaske ba tun da ya dawo, kuma kullum sai in ga kamar ƙara ƙanƙancewa yake a cikin kujerar.

Muka ce wa Mama gidan rediyo ne suke son wani ɗan abu, ba mu yi mata bayani ba. Da ƙyar ta yarda aka fitar da talabijin, aka kora jikoki waje. Ta tsaya a kan Auta tana tambayarta ko shirun nata ya yi ko ta ƙara. Amma matsalar ba a cikin gida kaɗai take ba. Mai walda yana tsallaken titi yana yanka ƙarfe, injin markaɗe yana bayan katanga, makanikan babur suna kwana suna murza inji kamar suna da gaba da shi. Sama da su duka kuma ga mai sayar da waƙoƙi, da wata jibgegiyar lasifika wadda, abin kunya, ni na sayar masa, ni na kuma gyara masa ita don ta ƙara nisa.

Na ce wa Auta ta bar mini wannan. Na fita da ƙirji a gaba, na fara da mai walda, dattijo ne da ya san ni tun ina yawo ba wando. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni wai ni ne yau zan sa mutane shiru. Makanikai suka kwashe da dariya. Na yi bayani, ya ce yana da aikin mutane. Na ɗaga murya, ya ɗaga, mai markaɗe ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ake duka. Da na dawo, Auta ta kunna mini abin da ta ɗauka, ba abin da ya fi fitowa a ciki kamar muryata. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar da mai waldan ya bi ni da ita, wai in shiru ake so a gidanmu ai ba ni ake aikowa ba. Na ɗauke ta a matsayin baƙar magana kawai, na ce wa Auta duniya ce ta lalace, da muna yara ai ɗakin nan tsit yake.

Ranar saka labarin tana matsowa, dole ta sa Auta ta faɗi gaskiya. Da yamma ta zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba, ta faɗi komai ba ta ɗago kai ba, sannan ta kunna. Baba ya rufe ido yana saurare. Na ga hannunsa yana ɗagawa kaɗan a kowace gaɓa, kamar mai son tsayar da mota, motar kuma tana wucewa. Da aka gama ya jawo allonsa ya rubuta, "Wa ke korar mutumin nan?" Ya yi dariyarsa marar sauti, ya shafa kan Auta. Amma da ya zo goge allon ya daɗe yana gogewa, bayan rubutun ya riga ya fita.

Mama tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba tun da aka fara, abin da ban taɓa gani ba. Can ta tambayi Auta shirun wane lokaci take so. Auta ta ce na hantsi.

"To me ya hana ku faɗa tun farko? Gobe za ki samu."

Washegari da sassafe na zo, na tarar Mama tana shirin fita, na bi ta don in ga yadda za ta ƙare da mutanen da suka gagare ni. Ba ta roƙi kowa ba. Ta gaida mai walda, ta tambayi ƙafar matarsa, ta ce masa yau za a koma yadda aka saba. Ya ce to, dama akwai ƙofofin da ke jiran fenti, zai yi yanka da duka yanzu da safe, ya bar fenti da awo zuwa hantsi. Mai markaɗe ta ce a jera mata bokitan mutane a inuwar gidanmu, za ta tayar da inji in rana ta take. Makanikai suka ce za su yi kwance-kwance da wanki, gwajin inji sai an jima. Mai waƙoƙi sabon zuwa ne, bai san zancen ba, amma kafin Mama ta gama tambayarsa garinsu da sunan mahaifiyarsa da dalilin da ya sa bai yi aure ba, shi da kansa ya zare wayar.

Ina biye da ita, abubuwa suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Kayan aikin makanikai da suke kwana a gidanmu tun muna yara. Ruwan sanyin da ake aikenmu mu kai wa mai walda da rana. 'Ya'yan mai markaɗe da suke yini a tsakar gidanmu, Mama tana yi musu wanka tare da mu. Aiken da ake ƙirƙiro mana kullum da hantsi zuwa can ƙarshen unguwa, a sayo abin da akwai shi a gida. Ni duk na ɗauka kirki ne kawai da son aike. Na ce mata ashe ita ce take sa titin nan ya lafa duk shekarun nan, ta harare ni.

"Da ka ɗauka duniya don kanta take yin shiru?"

Da hantsi ya yi, titinmu ya lafa. Ba wai ya mutu ba, ana jin wucewar mota can nesa, da burushin mai walda a jikin ƙarfe, da tattabaru a kan rufi. Amma ya ja baya, ya ba ɗakin wuri. Mama ta tafi bakin ƙofar gida ta tsaya gadi don kada baƙo ya faɗo. Baba ya zauna a kujerarsa, Auta ta rufe ƙofa, ta buɗe taga rabi, ta ɗauka. Ta saka sabon shirun a tsakanin jimloli biyu, ta saurara, ta sake saurara. Na ga kafaɗunta sun sauka.

Ta ce ya kusa, amma ba shi ba ne, akwai abin da babu. Ta miƙo mini abin sauraron. Dabarar Injiniya ta kwashe gurabe, amma ba ta iya kwashe abin da ke ƙarƙashin kalmomin ba, kuma a can ƙasa, in ka kasa kunne sosai, akwai wani ɗan sauti mai zuwa yana komawa, shaa, shaa, jefi-jefi kuma ka ji ƙwal. A sabon shirun babu shi. Idan Baba ya yi magana sautin yana nan, idan ya tsaya sai ya ɓace, facin ya fito fili.

Ni ma'abocin sauti, nan take na yanke hukunci waya ce ta yi tsami. Auta ta ce wayarta lafiya lau. Na ce fanka ce, muka kunna, ba ita ba ce. Muka gwada labule, muka ɗauko agogon falo, har famfon tsakar gida na buɗe kaɗan. Rana tana ta hawa, shirun da aka ara mana yana ƙarewa, Auta kuma idonta ya kawo ruwa. Sai Baba ya miƙo hannu yana neman abin sauraron.

Bai daɗe yana ji ba fuskarsa ta sake, irin sakewar da ban gani ba tun kafin asibiti. Ya nuna ƙofa. Na buɗe, ba kowa, sai ɗan lungun da ke tsakanin ɗakin da tsakar gida. Ya nuna ƙasa, daidai gefen ƙofar, sannan ya buɗe tafin hannunsa na hagu, ya riƙa share shi da yatsun dama, a hankali, yana tsince wani abu yana jefarwa gefe. Muna tsaye muna kallonsa kamar sakarkaru, sai ga Mama ta shigo jin ko an gama. Tana ganin hannun ta dafe ƙirji.

"Wai har ana ji? Ni da nake lallaɓawa?"

Shinkafa ce. Duk hantsin da Baba ya rufe ƙofar nan, ita tana zaune a bayanta a kan 'yar kujera, da tiren ƙarfe a cinya da gwangwani a gefe, tana tsince tsakuwa. Ta ce dole wani ya zauna a wurin, in ba haka ba sai yaro ya buga ƙofa ko baƙo ya kutsa. Kuma ita ta san halinta, in hannunta ba ya aiki bakinta zai yi. Mu ba mu taɓa gani ba, tunda a lokacin muna makaranta ko muna hanyar aike. Ta fara ba Auta haƙuri, tana cewa da ta san yana shiga rikoda da ta koma can nesa, ita ce ashe ta ɓata musu aiki, ta kuma yi ta damun Baba duk shekarun nan. Baba ya buga tebur da yatsa har ta juyo, ya ɗaga mata allon. Ya rubuta, "Ban taɓa rubuta layi ɗaya ba sai ina jin sa."

Mama ta karanta, ta sake karantawa. Sai ta ce bari ta ɗauko tiren, ta fita da sauri fiye da yadda ɗauko tire yake bukata.

Saura matsala ɗaya, Auta ta ce ko ta sami shirun ba ta san tsawon kowace tsayawa ba, kuma in ta yi da ka, nata labarin zai zama, ba na Baba ba. Baba ya jawo takardun labarin daga inda talabijin ya danne su, ya daidaita su a kan tebur, ya nuna bakinsa, ya nuna idonta. Zai sake karantawa daga farko har ƙarshe, da leɓe kawai, ita kuma ta bi shi tana yin alama a duk inda ya tsaya da inda ya tashi. Ni aka ba riƙon makirifo, da sharaɗin ko tari ya zo mini in haɗiye shi.

Aka rufe ƙofa. Daga bayanta sautin ya fara, shaa, shaa.

Ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba tun da aka haife ni. Da farko tsoro ne ya kama ni, tsoron nan na wurin taro, jikina yana ce mini wani abu ya lalace, in tashi in duba waya. Na ji cikina yana ƙugi, na ji agogon hannuna. Daga baya duk suka koma gefe, ya rage saura Baba, leɓunansa suna motsi, girarsa tana hawa tana sauka, kujerar tana 'yar ƙararta idan ya gyara zama, takarda tana juyawa. Ba murya, amma wallahi na ji labarin fiye da yadda na ji shi a shago. Na ga inda telan ya shimfiɗa yadin, na ga inda ya tuna ba wanda zai sa rigar. Da Baba ya kai wurin da telan ya ajiye allura, sai ya tsaya. Tsayawar ta fi duk sauran tsawo. A bayan ƙofa ma tiren ya tsaya, kamar ita ma tana jira, ko da yake ba ta ganinsa, ba ta kuma jin komai. Can tsakuwa ɗaya ta faɗa gwangwani, ƙwal, Baba ya ja numfashi ya ci gaba. A nan hawaye ya zubo mini, kuma ba hannun sharewa, na bar shi ya bi gemu.

Da ya kife takarda ta ƙarshe, Auta ta gwada jimlolin farko a kan sabon shirun, ta saurara, ta ba Baba, ta ba ni. Ba faci. Baba ne yake magana, ya tsaya, ɗakin ya riƙe ka har ya dawo. Daga baya ta kwashe kwanaki tana ɗora kalmomin ɗaya bayan ɗaya, aka saka labarin a ranar da aka sa, Injiniya kuma da hannunsa ya kashe na'urar gadin shirun, ya tsaya a kanta yana gumi har aka gama. Mutane sun yi ta kira suna cewa muryar Baba ba ta taɓa daɗi kamar ranar ba.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da Auta ta naɗe wayoyinta, na tashi zan ɗauko talabijin in mayar inda yake. Baba ya riƙe mini riga, ya girgiza kai. Ya ture allon gefe, ya jawo farar takarda daga ƙasan tebur, ya cire murfin alƙalaminsa, ya gwada shi a gefen takardar har tawada ta sauko. Bai dube mu ba, ya yi mana alama da hannu mu fita mu ja ƙofar.

Muka fito. Mama tana nan a kan 'yar kujerarta, shinkafar ta fita fes, ba sauran abin tsincewa. Ta tambaye ni me ya hana a mayar da talabijin, ko so nake tunani ya kama shi. Na ce mata shi ya hana, alƙalami ya ɗauka. Ta dubi ƙofar ta daɗe. Na ce tunda an gama bari in je in sallami mai walda da sauran, kowa ya koma aikinsa.

 Ta ɗauki gwangwanin, ta juye tsakuwar duka a cikin shinkafar, ta motsa da hannu, ta gyara tiren a cinyarta.

"Bar su tukuna," ta ce, can ƙasa-ƙasa. "Kuma ka rage murya, babanku na aiki."